Tafiyarmu Abijan ɗauko ɗan marigayi

Labarin rasuwar ƙanen maigidana ya same mu cikin azumin 2017, muna zaune a tsakar gida bayan shan ruwa. Wani ɗan garinsu ne ya bugo waya daga Abijan. Malam ya saurara, ya yi salati, ya ajiye wayar bisa tabarma, ya daɗe bai ce uffan ba. Zazzaɓi ne na kwana huɗu, kuma kafin a same mu har an kai shi maƙabartar Williamsville. Shekararsa 19 a Kodibuwa, zuwansa gida sau uku ne kacal. Matarsa 'yar ƙabilar Jula ce, ta riga shi da shekara huɗu, wajen haihuwa ta tafi tare da abin da ke cikinta. Ya bar yaro ɗaya, ɗan shekara 11, wanda babu wanda ya taɓa gani a cikinmu sai a hoto.

Duk ɗan Adar ya san irin wannan waya. Da an gama girbi samarinmu suke kama hanya, wasu Najeriya, wasu Kamaru ko Libiya, da yawa kuma Abijan, har ana cewa babu gida a ƙasar Tawa da ba shi da wani a bakin teku. Wasu su dawo da damina, wasu su yi aure can su zauna, gida ya koma wurin aiko kuɗi da gaisuwa.

Bayan ƙaramar salla dangi suka taru a ɗakin surukata. Tsohuwa ce, idonta ya yi rauni, amma maganarta ba ta da kwana. Ta ce, "Ku tahi ku ɗauko mini jikana, in shafa kansa kahin in mutu." Da aka zo maganar wanda zai riƙe shi, kowa ya dubi inda muke zaune. Shekararmu 16 da aure, Allah bai ba mu haihuwa ba. Ba zan ɓoye ba, cikin baƙin cikin rasuwar nan akwai wani farin ciki da ya laɓe a zuciyata, na yi ta istigfari a kansa dare da rana.

Kafin mu tashi Malam ya ce mu je wajen limamin unguwarmu mu ji hukuncin abin da za mu shiga. Liman ya karanto mana farkon Suratul Ahzab, aya ta 4 da ta 5, inda Allah ya hana a mai da ɗan riƙo ɗan cikinka, ya ce a kira su da sunan ubanninsu. Ya tuna mana Zaidu ɗan Harisa, wanda ya tashi a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har mutane na jingina shi gare shi, ayar ta sauka aka mai da masa sunan mahaifinsa. Ya ce yaron zai ci gaba da amsa sunan ubansa, riƙo ba ya sa gado, amma muna iya yi masa kyauta muna raye ko wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba. Sannan ya juyo gare ni. "Malama, ke matar baffansa ce, ba muharramarsa ba. Da jariri ne cikin shekara biyun shayarwa da an sami hanya. Wannan ya wuce nan, in ya balaga sai ki kiyaye sutura gabansa." Maganar ta soke ni. Da ya ga fuskata sai ya haɗa manuniyarsa da ɗan yatsan tsakiya, ya kawo hadisin mai riƙon maraya da kusancinsa da Annabi a Aljanna. Da wannan na fito.

Na shiga kasuwar Tawa ranar Lahadi na yi sayayya: yadi biyu na kai wa tela, takalmi, hula, har da wata motar roba ta wasa. A idona ƙaramin yaron cikin hoton nan nake gani, wanda aka ɗauka yana rungume da ƙafar ubansa.

Mun tashi da asuba cikin watan Yuli, lokacin babban hutun lakwal, don ni malamar makaranta ce. Motarmu ta bi ta Badagishiri ta faɗa babban titi a Tsarnawa, muka wuce Ƙonni, Dogon Dutse da Dosso, hatsi ya fara rufe gonaki, muka shiga Yamai da la'asar bayan tafiyar kilomita wajen 550. Kwana biyu muka yi gidan ƙanwata. A nan aka yi mana allurar shawara aka ba mu katin nan mai ruwan ɗorawa, wanda ba a shiga Kodibuwa sai da shi. Fasfo bai zama dole ba a lokacin, katin ɗan ƙasa ya isa tunda duk ƙasashen CEDEAO ne, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, kuɗin ma sefa ɗaya ce daga Tawa har bakin teku.

Daga Yamai muka haye gadar Kennedy, muka bi ta Torodi da Makalondi muka shiga Burkina ta Kancari. Wanda ya san hanyar nan a yau ya san tsaro ya lalace a kanta, amma a wancan lokacin motoci na bi dare da rana. Fada Ngurma, Wagadugu, Bobo, sai iyaka bayan Niangoloko. A kowane shinge a sauka, a miƙa kati, a tsaya layi, a koma mota. Ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Abin da na fi tunawa shi ne yadda ƙasa ke sake kama a hankali. Jan dutse da ƙaya na Adar suka koma bayanmu, aka shiga gonakin rake wajen Ferke, itatuwan mangwaro da kaju, daga Buwake zuwa ƙasa kuma kore ne ko'ina, har ido ya gaji da shi. A Yamusukuro na hango ƙatuwar majami'ar nan daga nesa, daga nan babban titi ya miƙe har Abijan. Kwana biyu da yini muka yi a mota. Ruwa ake zubawa lokacin da muka sauka a tashar Ajame, iska mai nauyi, tufafi na manne wa jiki.

Alhajin da ya tarbe mu shi ne babba ga 'yan yankinmu a unguwar Abobo. A gidansa na ji Adaranci tsantsa, kamar ban bar Tawa ba. Shi ya yi wa marigayi wanka, shi ya riƙe ɗan abin da ya bari da lissafinsa a rubuce. Washegari ya kai mu rumfar da marigayin yake sana'a. Garba yake sayarwa, wato aceke na rogo da soyayyen kifin ton, a yanka attarugu da albasa a kai. Abinci ne na talaka da ɗan makaranta da lebura, kuma 'yan Nijar ne suka shahara da shi, har ana cewa daga sunan Garba da yawancinsu ke amsawa abincin ya samo sunansa. Wani ɗan ƙauyensu ya karɓi rumfar. A bakin kaskon mai na ga wani dogon yaro siriri, sanye da rigar ƙwallo ruwan lemo ta 'yan wasan ƙasar, yana juya kifi da matsami kamar wanda ya shekara goma yana yi. Alhaji ya ce, "Ga ɗanku nan."

Tsawonsa ya kai kafaɗata. Nan take na san takalmin da ke cikin jakata ba zai shige shi ba, rigunan ma haka, motar roba kuwa ko fito da ita ban yi ba. Sunan surukina ya ci, don haka ba na kama sunansa, Baba nake ce masa. Na ce, "Baba, sannu." Ya dube ni, ya dubi Malam, wanda kamarsu ɗaya da ubansa har tsagar goshi da tafiya, sai ya ajiye matsamin ya zagaya bayan rumfa. Muka ji kukansa daga can. Malam ya tashi zai bi shi, Alhaji ya riƙe masa hannu ya ce a ƙyale shi.

Hausarsa ta ciniki ce: nawa, kawo canji, babu, gobe. Faransanci yake yi irin na titin Abijan, mai sauri, da Julanci da ya sha a nono. Ni da nake koyar da Faransanci sai na ce ya maimaita kafin in gane. Tonton yake ce wa Malam, ni kuma Tanti.

Wajen kakarsa ta wajen uwa yake kwana tun rasuwar mahaifiyarsa, a wani gida mai ɗakuna da yawa da tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, kowa da murhunsa a ƙofar ɗaki. Mun je mata da goro da turmin zane da cuku da kilishin da muka kawo daga gida. Ta karɓe mu da mutunci, ta ba mu ruwa, ta tambayi hanya. Da Alhaji ya faɗi abin da ya kawo mu, ya ce ɗa na dangin uba ne, a addini da al'ada, sai ta yi shiru tana murza bakin zanenta. Ta yi magana a hankali, matar Alhaji na fassara mana. Ta ce ta san haka, su ma a wajensu haka ne. Ta ce 'yarta ɗaya ce mace, ta binne ta. Wannan yaron shi ke ɗebo mata ruwa, shi ke karanta mata takardar magani, shi ke kwana a bakin ƙofarta. Sai ta dube ni, ni kaɗai, ta ce, "'Yata, an ce ba ki taɓa haihuwa ba. To ni na haifa na rasa. Ki gaya mini wadda ta fi wata buƙatarsa."

Ban sami amsa ba. A daren nan ban runtsa ba. Tun daga Tawa abin da ke bakinmu shi ne za mu ɗauko yaro mu kawo shi gida, ban taɓa tsayawa na tuna cewa yana da gida ba, da lakwal ɗinsa, da abokan ƙwallonsa, da kaburbura biyu da yake ziyarta, da tsohuwar da ke jiran motsinsa da dare. Na ce wa Malam, "Ni dai ba zan ja shi yana kuka ba. In bai yarda ba mu koma, mu riƙa aiko da kuɗin karatunsa." Malam ya ce, "To me zan gaya wa Inna?" Muka yi shiru mu biyu. A ganina duk mai niyyar riƙon yaron da ya yi wayo, ko na dangi ne ko na waje, ya kamata ya yi wa kansa wannan tambayar tun kafin ya sayi tikiti. Mu sai da muka yi tafiyar ƙasa uku kafin ta zo mana.

Mun yi niyyar mako ɗaya, muka yi kwana 26. Rabin kwanakin takardu suka cinye. Sai da aka nemo takardar haihuwarsa a ma'aikatar magajin gari, da takardun rasuwar uwa da uba, aka zauna taron dangi na ɓangare biyu aka rubuta abin da aka amince, aka kai gaban alƙalin da ke duba al'amuran marayu, sannan ofishin jakadancin Nijar ya ba shi takardar tafiya a matsayin ɗan ɗan ƙasa. A wani ofis an yi ta yi mana je-ka-ka-dawo har sau huɗu saboda harafi ɗaya da ya bambanta a sunan marigayi tsakanin takardu biyu. Malam ya fusata, Alhaji ya ba shi haƙuri, ya ce ƙasar nan ta sha fama da masu safarar yara zuwa gonakin koko, shi ya sa ba a wasa da fitar da yaro ko shigo da shi. Gara wahalar ofis da a sauke mu a kan iyaka.

Sauran kwanakin kuwa na ba yaron ne. Kullum da safe in tafi gidan kakarsa in zauna. In taya ta tsinke ganye, ta koya mini miyar gyaɗa irin tasu da yadda ake turara aceke kada ya caɓe. Kalma ɗaya ta Julanci na riƙe, "i ni ce", da ita nake gaisuwa da ita nake godiya, tana dariya. Baba ya fara zama kusa da mu. Wata rana ya kawo mini littattafansa na aji biyar, CM1, na ga lissafinsa da kyau, rubutun ne ke da gyara. Wata rana kuma ya ce zai nuna mini teku. Muka shiga gbaka, ƙananan motocin hayarsu, muka sake mota, muka haye gada bisa tafkin Ebriye har Port-Bouët. Ban taɓa ganin teku ba. Na tsaya nesa ina salati, shi kuwa ya shiga har gwiwa yana yi mini hannu. A kan yashin nan ya tambaye ni ko akwai ruwa a Tawa. Na ce akwai tabki da damina, babu teku. Ko akwai kifi. Na ce ana samu, ba kamar nan ba. Ko akwai ƙwallo. Na ce akwai, akwai kuma kokawa da babban filinta. Na gaya masa akwai zafin da bai taɓa ji ba, da ƙurar hunturu mai fasa leɓe. Na ƙudura ba zan yi masa ƙarya ko ɗaya ba don ya biyo mu.

Kakar ce ta yanke maganar da kanta. Ciwon sukari ya ci ƙarfinta, ɗanta da ke ciyar da ita yana da 'ya'ya shida a ɗaki biyu, kuma ta ga yaron ya fara ƙin lakwal yana wuni a rumfar garba. Ta kira shi gabanmu ta yi masa magana mai tsawo da ba a fassara mana ba. Sannan ta kafa mana sharaɗi uku: kada a cire shi daga makaranta a tura shi talla ko bara, a bar shi ya kira ta duk Juma'a, a kawo mata shi bayan kowace shekara biyu. Malam ya ɗauki alkawari gaban Alhaji da shaidu. Ni kuma na tambayi Baba da bakina ko ya yarda. Ya ce, "Kaka ta ce in tafi." Na ce kai fa? Ya ɗaga kafaɗa ya ce zai gwada.

Ranar tafiya muka biya Williamsville ya yi wa iyayensa addu'a. Kayansa jaka ɗaya ce. Da nake gyara masa ita na ji wani abu mai tauri naɗe cikin rigar ƙwallon, na buɗe na ga matsamin ubansa, mariƙinsa ya yi baƙi da mai da hannu. Na mai da shi yadda na gan shi.

A kan iyakar fita jami'i ya ware shi gefe, ya duba takardun ɗaya bayan ɗaya, ya tambaye shi su wane ne mu, ina za mu kai shi, ko an yi masa alkawarin aiki. Ina hango shi ta taga, gabana na faɗuwa, don na san kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta mai da mu baya. Ya nuna Malam ya ce wan babansa ne, za shi ganin kakarsa. Aka buga hatimi. Daga Bobo zuwa Yamai goshinsa na jikin gilashi, yana kallon itatuwa suna raguwa. Da muka wuce Tsarnawa muka fara hawa duwatsun Adar ya juyo ya ce, "Tanti, a nan Papa ya girma?" Na ce a nan.

Surukata ta shafa kansa da fuskarsa da hannu biyu, ta kira sunan ɗanta, ta yi kuka har aka riƙe ta. Gida ya cika da 'yan barka. Kowa na yi masa magana da Hausa, ana dariyar amsarsa, ba da mugunta ba, amma na ga yana ƙanƙancewa. Watannin farko sun yi mana wuya ƙwarai. Tuwon hatsi da miyar kuka ba ya iya haɗiyewa, fura ta ɓata masa ciki, ya rame. A lakwal, da aka koma cikin Oktoba na sa shi aji shida, CM2, yara suka laƙaba masa ɗan Abijan, ya yi dambe sau biyu. Da dare ina jin shi yana magana da Julanci cikin barci. Ran Juma'a in ya gama waya da kakarsa sai ya shiga ɗaki ya rufe, ba ya fitowa sai magariba. Akwai ranar da na yi masa faɗa kan wanki, ya dube ni ya ce, "Ke ba mamana ba ce." Na shiga madafa na yi kukana. Gaskiya ya faɗa, liman ma ya riga ya gaya mini, amma ji daga bakinsa daban ne. Maƙwabta suka ce in sa masa bulala ya san gidan da yake. Ban yi ba, ban kuma yi nadama ba.

Cikin sanyin Disamba Malam ya ce mu je Tabalak, tabkin da ke kan hanyar Agadas, kilomita wajen 50 daga Tawa, inda masunta ke kama kifi. Da Baba ya hango ruwan da jiragen masunta sai ya sauka daga mota tun ba ta gama tsayawa ba. Ya tsuguna gaban masu kifi yana ɗaga kunnen kowane yana duba ja, yana danna cikinsa da yatsa, ya yi ciniki da 'yar Hausarsa ta kasuwa har ya rage musu dala arba'in. Masuntan suka tambayi Malam ina ya samo wannan yaro. Malam ya ce ɗan ƙanensa ne.

Da muka dawo gida ya ce in ba shi kasko da mai. Ya shiga ɗaki ya fito da matsamin. Aceke babu, sai muka jiƙa garin rogo, ya yanka albasar Galmi da attarugu ƙanana-ƙanana yadda ubansa ke yi, ya hana ni sa hannu. Ya zuba wa kakarsa nata a kwano ya kai mata da kansa, ya zauna yana cire mata ƙaya. Ranar ya ci abinci har ya nemi ƙari.

Mun cika alkawari a 2019, muka kai shi ya yi wata guda wajen kakarsa ta Abobo. Zuwa na biyu ya faɗo lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa saboda korona, Kodibuwa ba ta buɗe nata ba sai Fabrairun 2023, tsohuwar kuwa ta rasu kafin nan. A waya aka gaya masa, ranar Talata, ya zo ya same ni a madafa ya ce, "Tanti, Kaka ta tafi." Har yau Tanti yake ce mini. Ya zauna bisa turmi, na sauke tukunya na zauna kusa da shi, muka yi mata addu'a.